Ɗakin da Ba Ya Jin Kira

Shafi na 19

Masu tambayar jikin Malam, na ga saƙonninku, yau dai an sallamo shi. Masu zagin Rilwanu kuma ku ɗan dakata, ku karanta tukuna.

*

Tun da hantsi gidan ya zama ba kowa. Inna da Yaya Sakinatu suna asibiti wurin Malam, don yau ake sa ran likita zai sallame shi. Ɗaliban zaure kuwa tun ranar da abin ya faru ba wanda ya zo da littafi, sai dai a zo gaisuwa a koma.

Rilwanu ya leƙa ƙofar gida, ya ga ba mai tahowa. Ya dawo ya jawo gwangwanin gam da guntayen soso da ya ɓoye a ƙarƙashin gadonsa, ya shige ɗan ɗakinsa na ɗaukar murya.

Da can sito ne a kusurwar tsakar gida, inda ake jibge buhunan shinkafa in an yi girbi. Bara ya roƙi Malam, mahaifinsa, ya ba shi. Sana'arsa ke nan, yana karanta littattafan hikaya mutane suna saurare a waya, yana kuma yi wa 'yan kasuwa tallar da ake sawa a rediyo da lasifikar mota. In ya fara ɗauka a ɗakin kwanansa, ko zakara ya yi cara, ko injin niƙa ya tashi, ko babur ya wuce, sai ya koma farko. Malam bai ja magana ba, ya ce ya ɗauka.

Da hannunsa ya yi aikin gyara ɗakin don kada ƙara ta shigo, yana kallo a waya yana kwaikwayo. Ya kafa katakai a jikin bango ya bar rata, ya cika ratar da ƙaiƙayin shinkafa da ya kwaso a injin casa, ya rufe da fallayen silin. A kai ya manna soson tsohuwar katifar Inna da ya yayyanka, ya bi da kiret ɗin ƙwai, har masu shayin bakin tasha in sun hango shi sai su fara dariya suna tattaro masa. Ƙofa biyu ya yi, ya zagaye bakin kowace da robar tubun babur. Ƙasa ya shimfiɗa darduma a kan darduma. Ranar da ya gama ya rufe kansa a ciki, shirun da ya ji har tsoro ya ba shi.

Da bazara ta kama sai ɗakin ya koma tanda. Wata rana yana tsakiyar karatu ya ga duhu-duhu, da rarrafe ya fito. Washegari ya huda bango can sama, ƙarƙashin kwanon rufi, ya zura guntun bututun roba mai faɗin bakin kofi don iska ta riƙa shigowa. Ba wanda ya kula da shi a gidan. Bututun kuwa tsakar gida yake kallo, saitin rijiya.

Shi ne abin da ya zo toshewa yau.

Ya taka kujera ya zare bututun, ya jefar ƙasa. Ya fara cusa ƙaiƙayi a ramin.

Ranar Talata abin ya faru, ranar kasuwa, unguwa ta watse. Inna ta tafi suna Jangebe, ta bar masa amanar Malam, wanda tun ciwon da ya taɓa ɓarin jikinsa ƙafarsa ta dama ba ta da ƙarfi. Bayan azahar Rilwanu ya shiga ɗauka. Tallar maganin sauro ce ta wani ɗan kasuwa a Bakura, mutumin sai bugo waya yake. Ya maimaita ya maimaita har maƙogwaronsa ya bushe, sai a wannan karon muryar ta zauna yadda yake so.

Yana tsakiyar layi ya ji sunansa.

Ya tsaya. Ya sake ji.

A ransa ya ce buta ce, ko tabarau ya ɓace, ko rediyo ya ƙi kama tasha. Kullum haka ne, da ya shiga sai a kira shi. Ya ce bari ya ƙarasa layin nan kawai. Ya gyara abin saurare ya rufe kunnuwansa duka biyu, ya ƙara sauti. Ya ƙarasa layin, ya saurara, ya ga wani wuri na son gyara, ya gyara. Kiran ya fice masa a rai gaba ɗaya.

Dukan ƙofar da Taibatu maƙwabciyarsu ta yi ne ya fito da shi, gab da la'asar. Ta shigo ɗiban ruwa ta tarar da Malam kwance a gindin rijiya, goshi a fashe, hannu a karye, cikin rana tsaka, ya kasa tashi.

A barandar asibiti da aka tambaye shi ina yake, maganar ta fito tun kafin ya yi tunani. Ya ce yana ciki, ɗakin kuwa ko ganga aka buga a waje ba a ji. Inna ta karɓi maganar hannu bibbiyu. Duk wanda ya zo dubiya sai ta faɗa masa, ta ƙara da cewa ɗanta ba zai ji Malam na kira ya zauna ba. Malam da aka faɗa a gabansa bai ce komai ba, ido kawai ya lumshe.

Mutum ɗaya ne bai gamsu ba, Baffa Lawali, ƙanen Malam da ke Maradun. Jiya a waya ya ce shi zai zo ya ɗauko yayansa daga asibiti, kuma zai ga ɗakin nan da idonsa.

Rilwanu ya shafa gam a soso, ya danna a bakin ramin. Warin gam ya sa ya bar ƙofofin a buɗe. Yana cikin dannawa ya ga hasken ƙofa ya dushe.

"Me kake toshewa?"

Saura kaɗan ya faɗo daga kan kujera.

Yaya Sakinatu ce tsaye, da babbar rigar Malam da hula a hannu. Ita ce babbarsu, tana aure a Bakura, tana koyarwa a Islamiyya, kuma ita ta goye shi yana jariri. Ashe Malam ne ya ce ba zai fito asibiti da rigar da ya kwanta jinya da ita ba, ta dawo ɗaukar wata.

Ya ce gyara yake, soso ne ya ɓalle.

Idonta ya sauka kan bututun da ke ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka, ta juya shi, ta leƙa cikinsa. Sai ta fita. Yana jin takunta ta zagaya bayan bangon, ta tsaya, ta daɗe a tsaye. Da ya leƙo ya gan ta tana kallon saman bango, tana kallon rijiya, tana sake kallon saman bango.

Ta dawo.

"Sauko."

Ya sauko.

"Ramin nan tun yaushe yake?"

"Tun bazara."

"Ranar Talata a buɗe yake?"

Ya sunkuyar da kai yana murza gam ɗin da ya bushe a yatsunsa.

"Da kai nake, Rilwanu."

"A buɗe yake, Yaya."

"Ka ji kiransa ke nan."

Ba tambaya ta yi ba. Ya fara magana a daburce, ya ce wallahi bai san faɗuwa ya yi ba, ya ce muryar ba ta yi kama da ta wanda ke cikin wahala ba, ya ce ya zaci buta ce zai ce a miƙo masa kamar kullum.

"A ce butar ce," ta ce a hankali. "A ce butar ce, Rilwanu."



Ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora rigar a cinya tana shafa ta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ce ita ke shafa wa Malam magani a gadon baya safe da yamma, inda simintin ya ƙona shi har fata ta saɓule. Ta ce bai taɓa cewa wash ba, sai dai ta ji jikinsa ya ƙame. Ta ce duk kwanakin nan in ta tuna cewa ƙanenta yana nan kusa amma bango ya hana shi ji, tausayinsa take yi, har addu'a take masa Allah ya cire masa abin a rai.

"Rashin fitowarka kuskure ne, kowa na iya yi," ta ce. "Ƙaryar asibiti ma sai in ce tsoro ne. Amma wannan fa? Ka zauna ka yi tunani, ka je kasuwa ka sayo gam, ka jira gida ya zama ba kowa. Wannan me sunansa?"

Ya durƙusa a gabanta. Ya roƙe ta don Allah kada ta faɗa wa Inna, ya ce in Inna ta ji bai san da wane ido zai kalle ta ba, ya ce in Baffa ya ji sai ya tara masa dangi daga Maradun har Dakko.

Ta miƙe ta gyara hijabi.

"Ba zan faɗa ba. Ba kuma zan tare maka ba. Ka cire abin da ka cusa, in sun iso ka faɗa da bakinka."

Ta ajiye bututun a gabansa, ta fita.

Ya daɗe a durƙushe. Daga baya ya sake taka kujerar, ya kama gefen soson ya ja. Gam bai gama kamawa ba, ya taho cikin sauƙi. Ya tsaya da shi a hannu, iska mai ɗumi tana shigowa ta ɗan abin da ya buɗe. A ransa ya hango fuskar Inna. Ya hango Baffa tsaye a tsakar gida yana nuna shi da yatsa, maƙwabta suna leƙe ta katanga.

Ya mayar da soson.

Ya ƙara wani a kai, ya manna kiret ya rufe, ya daidaita shi da 'yan uwansa yadda ba mai ganewa. Ya zagaya waje ya cika ramin da laka, ya buga ƙusa ya rataye wani tsohon kwandon Inna ya rufe wurin. Aikin ya yi kyau. Bai taɓa yin aikin da ya tsani kyansa kamar wannan ba. Ya wanke hannu da kananzir, ya wanke da sabulu, amma duk da haka in ya kai hannun hanci sai ya ji warin.

*

Bayan azahar motar Baffa Lawali ta tsaya a ƙofar gida.

Kafin a fito da Malam unguwa ta cika. Aka zaunar da shi a kujera a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, hannu a ɗaure an rataye a wuya, goshi da filasta. Ya rame, babbar rigar ta yi masa yawa. Aka shiga gaisuwa, ya jiki, ya ƙarfin jiki, Allah shi ƙara sauƙi, Allah shi sa kaffara ce. Malam na amsa wa kowa da sunansa, yana tambayar iyali da gona. Rilwanu ya yi ta kai da kawo, ya kawo tabarma, ya kawo ruwa, ya kawo mafici, don dai kada ya tsaya wuri ɗaya a kalle shi.

Da jama'a suka ragu, ya rage 'yan gida da Taibatu da mijinta da wasu dattawa biyu cikin ɗaliban Malam, sai Baffa ya gyara zama.

Baffa Lawali ɗan kasuwar hatsi ne, ƙato, mai murya kamar ana gardamar farashi. Tun farko bai ga amfanin sana'ar Rilwanu ba, surutu a ɗaki yake ce mata. Amma mutum ne da ba ya ɓoye abin da ke ransa, ba ya kuma riƙo.

Ya ce ya yanke shawara. Malam zai koma wurinsa Maradun, inda akwai yara da jikoki da za su riƙa kula da shi, tunda a nan an bar shi hannun wanda ke rufe kansa a akwati. Dattawan nan biyu suka dubi juna, domin shekara da shekaru a zauren gidan nan suke ɗaukar karatu. Inna ta fara cewa ai yaron bai ji ba ne, Baffa ya ɗaga mata hannu.

"Wanga ɗaki da aka cewa ba shi jin kira, ni ban yarda ba sai na gani. Mutum shina tsakar gidanshi shina kiran ɗanshi, a ce mini bango ya hana? In shiga a ruhe ni. Kai kuma, Rilwanu, tahi inda yayana ya hwaɗi, ka kira ni. In na ji ka, yau za a rushe shi, Malam kuma Maradun za shi kwana."

Rilwanu ya dubi Yaya Sakinatu. Tana tsaye a bayan kujerar Malam tana masa fifita. Ita ma ta dube shi, kallo ɗaya, ta jira.

Ya buɗe baki. Maganar ta taho har maƙogwaro.

"A gwada mana," Inna ta riga shi. "Gara ma a gwada kowa ya huta. Tashi, Rilwanu, buɗe masa."

Yadda ta faɗa, ba ko ɗigon shakka a muryarta, shi ya mayar masa da maganar ciki. Ya tashi ya buɗe.

Baffa ya sunkuya ya shiga, ya yamutsa fuska ya ce warin mene ne wannan. Rilwanu ya ji bakinsa na cewa wani kiret ne ya ɓalle ya manna. Fifitar da Yaya Sakinatu ke yi ta tsaya cak, sannan ta ci gaba.

Ya rufe ƙofar ciki, ya rufe ta waje.

Daga nan zuwa rijiya ba nisa, ya taka ya je. An wanke simintin, sai dai har yanzu akwai ɗan duhu a wurin da goshin ya bugu. Ya tsaya a gefensa. Rana ta sauka a ƙeyarsa, zafin simintin ya ratso silifas ɗinsa. Tun da abin ya faru bai taɓa tsayawa a wurin da rana ba sai yau.

"Baffa," ya ce.

Ko na rumfa da ƙyar suka ji.

"Ɗaga murya," in ji Malam. "Ni na hi haka ɗagawa."

Rilwanu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya runtse ido ya kira da ƙarfi. Ya sake kira. Ya yi ta kira har muryar ta tsage, har wata mata daga maƙwabta ta leƙo ta katanga tana tambayar lafiya. Ƙofar ɗakin ko motsi ba ta yi ba.

Mijin Taibatu ne ya je ya buɗe. Baffa ya fito yana sharce gumi da gefen rawani, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Wai an kira?"

Aka kwashe da dariya. Dattawan suka yi hamdala. Inna ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, tana cewa da ma ta faɗa, da ma ta faɗa.

Baffa ya juya ya sake kallon ɗakin, ya girgiza kai. Sai ya tako har gindin rijiya, ya kama hannun Rilwanu da hannayensa biyu, a gaban kowa. Ya ce shi mutum ne da in ya yi kuskure ba ya jin nauyin faɗa. Ya ce kwanakin nan da mugun zato yake kwana yake tashi, har ya faɗa wa mutane a Maradun abin da bai tabbatar ba, kuma zai koma ya warware. Ya ce maganar tafiya da Malam ya janye, sai dai a sa ƙararrawa a ɗakin ko wata dabara.

"Na zalunce ka, ɗana. Ka yahe mini."

Hannun Baffa ɗumi, nasa sanyi ƙalau. Kowa na jiran amsarsa.

"Ba komai, Baffa."

Yaya Sakinatu ta ajiye maficin a cinyar Malam, ta juya ta shige madafa. Ba wanda ya lura sai shi.

Hira ta ɓarke. Ɗaya daga cikin dattawan har yana cewa ashe yaran yanzu da basira, ji yadda ya mai da ƙaiƙayi abin amfani. Taibatu ta ce ita ma sai da ta yi ta dukan ƙofar nan kamar za ta karya kafin ya buɗe. Kowace kalma ta yabo sai Rilwanu ya ji kamar ana tuɓe masa riga a kasuwa. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa a ƙasa.

Cikin hayaniyar Malam ya yi gyaran murya. Aka yi tsit.

Ya ce tun da aka gama ɗakin nan bai taɓa shiga ba, yau yana son ya gani. Inna ta ce da wannan jikin, ga zafi a ciki. Baffa ya ce shi da lafiyarsa ma da ƙyar ya fito. Malam ya ce ba daɗewa zai yi ba, Rilwanu ya zo ya kama shi.

Ya zo ya sa kafaɗa a ƙarƙashin hannun mai lafiya, ya tallafe shi. Bai san mahaifinsa ya yi rashin nauyi haka ba. Da tafin hannunsa ya taɓa gadon bayan, ya ji jikin ya ƙame, daidai yadda Yaya ta faɗa. Ya yi saurin sauke hannun zuwa ƙugu.

A hankali suka shiga. Ya zaunar da shi a kujerar da yake zama in zai yi ɗauka, gaban makirfo. Ya juya zai fita.

"Zamna. Ruhe duka biyun."

Ya rufe. Hayaniyar gida ta yanke kamar an hura fitila. Ba wurin zama na biyu, sai ya tsuguna a kan darduma, gwiwarsa na taɓa ƙafar Malam.

Malam ya ɗaga kai yana kallon bango, yana kallon rufi. Ya miƙa hannu ya shafa kiret, ya danna soso da yatsa. Ya tambayi me ke bayan silin ɗin, Rilwanu ya faɗa masa. Ya tambayi wa ya taya shi, ya ce ba kowa. Malam ya gyaɗa kai, ya ce aiki ne na haƙuri, ya ce bai zaci yana da haƙuri haka ba.

"Yanzu da gaske ba mai jin mu?"

"Ba mai ji, Malam."

"To."

Malam ya sauke hannu daga bangon, ya dube shi.

"Ranar Talata ina kwance ina jin muryarka. Maganin sauro kaka talla."

Rilwanu ya ɗago da sauri.

"Nik kira ka, kay yi shiru. Na ce alhamdulillahi, ya ji ni, ga shi nan tahe." Malam ya share gumin fuskarsa. "Sannan kac ci gaba."

Duk tunanin da ya yi a kwanakin nan, duk lissafin yadda sauti ke shigowa, bai taɓa kawowa a ransa cewa ta inda ya shigo ta nan yake fita ba.

Ya kifa goshinsa a kan ƙafar mahaifinsa. Ya so ya ce Malam ka yafe mini, abin ya ƙi fita.

Malam bai janye ƙafar ba, bai kuma dafa shi ba. Ya ci gaba da magana a hankali, kamar yadda yake fassara littafi a zaure. Ya ce tun yana kira har ya daina, ya koma sauraro, don muryar ɗansa ce kaɗai abin da ke kusa da shi. Ya ce ya ji tallar har ya hardace ta. Ya ce a asibiti da aka ce ɗakin ba ya jin kira, ya yi shiru ne saboda Inna, da kuma don ba ya son a ɗauke shi daga zaurensa. Amma kullum in Rilwanu ya shigo da kwanon abinci, sai ya ce a ransa yau zai faɗa. In ya ajiye ya fita, sai ya ce to gobe.

"Hwaɗuwar ba ta dame ni ba. Rana ma ta yi ta wuce. Amma yau ina zamne ƙanena ya kama hannunka shina ba ka haƙuri, kac ce mishi ba komi."

"Malam, na kasa ne. Wallahi na buɗe baki, na ga Inna..."

"Na gani."

Gumi na ɗiga daga gemun Malam zuwa kan rigarsa. Rilwanu ya ce bari ya buɗe ƙofa ya sha iska. Malam ya ce a bar ta.

Ya nuna na'urar da ke kan ɗan teburin da haɓa.

"Wanga abin naka, shina ɗauka yanzu in an kunna?"

"Yana ɗauka."

"Kunna."

Rilwanu ya miƙe a kan gwiwoyinsa, ya danna maɓallin kunnawa. Ya kama makirfon zai daidaita shi saitin bakin Malam, don ya zaci magana zai yi.

Malam ya sa hannunsa mai lafiya ya ture shi a hankali, har ya juya ya fuskanci Rilwanu.

"Ba ni ba. Na lura ba ka iya hwaɗin gaskiya in ana kallonka. Nan ba mai kallonka sai ni, ni kuwa na riga na sani. In ka gama, kai za ka ɗauka da hannunka ka kunna musu, tun Lawali bai kama hanya ba."

Jar wuta ta kama a jikin na'urar.

Malam ya jingina da soson bango, ya rufe ido.

"Ina saurare. Wanga karon kada ka yi shiru."